Ruwan da Na Miƙa a Tsaye

Ku yi haƙuri da ni yau, abin da zan gaya muku har yanzu in na tuna sai in ji kamar in rufe fuska. Ni ce Rachel, ɗiyar Kofur Kefas mai ritaya da ke Rikoto a nan Zuru, kuma ƙafata ta dama ba ta lanƙwashewa. Ba ciwo take yi ba, tana takawa lafiya lau. Gwiwar ce kawai babu. Likitoci sun haɗe ƙashin cinyata da na ƙwaurina sun zama abu ɗaya, a miƙe kamar taɓarya, kuma haka zan shiga kabari da ita.

Ɗan kabu-kabu ne ya zubar da ni a hanyar Dabai cikin daminar 2005. Ƙashin ya karye ƙasa da gwiwa kaɗan har ya ɓullo ta fata. Maƙwabta suka taru a kan Baba, kowa na cewa asibiti ba su san komai ba sai yankewa, aka ɗauke ni sai gidan Talle mai ɗori. Ya ja, ya shafa, ya ɗaure da karare. Har aka yi girbi ƙafa ba ta kama ba, sai kumburi da mugunya, da wani wari da ya sa ƙawayena suka koma gaishe ni daga bakin ƙofa. Da aka ga abin ya fi ƙarfin tofi sai aka kai ni babban asibiti a Sakkwato. Suka kankare ruɓaɓɓen ƙashi, suka kafa mini ƙarafa ta waje, na sha allura har na daina ƙirgawa. Duk da haka ƙashi ya ƙi haɗuwa, ciwon kuma ya riga ya ci har cikin gwiwa.

Ranar da likita ya tara mu, ya ce abu biyu ne, ko a yanke daga cinya, ko a kashe gwiwar a haɗe ƙasusuwan.

Baba ya ce, "In an haɗe za ta yi tafiya?"

"Za ta yi. Ƙafar za ta ɗan gajarce, sai a ƙara wa takalmi tudu."

Mama ta ɗago kai a hankali. "Likita, za ta iya durƙuso?"

Ya ce, "A'a, Mama. Wannan kam ya wuce."

Wallahi a ranar haushinta na ji. Ana maganar yanke ƙafa, ita durƙuso ne ya dame ta. Ashe duk cikinmu ita ce ta hango nesa.

Bari in gaya muku dalili. Saurayina Sila soja ne, yana aiki a Fatakwal, mutanensa kuma suna Dirin Daji. Ba shi ya fara ganina ba, mahaifiyarsa ce. A wani biki ne aka aike ni in kai wa tsofaffi ruwa, na zube gwiwa bibbiyu na miƙa mata, ban tashi ba sai da ta shanye ta ba ni kwanon. Tana komawa gida ta ce wa ɗanta ta ga matarsa. Kuma duk wanda ya san Maman Sila ya san halinta guda, ba ta shan ruwan gidan da zuciyarta ba ta kwanta da shi ba. Ta taɓa zuwa wani gida nema wa babban ɗanta aure, ta wuni da ƙishirwa ta koma, maganar auren ta mutu ke nan har yau.

Bayan haka aka shiga golmo, noman da dangin saurayi ke yi wa uban yarinya a wajenmu. Tun da Sila yana bariki, ƙannensa da abokansa suka riƙa zuwa gonar Baba damina bayan damina. Ko lokacin da nake kwance a Sakkwato ba su fasa ba. Sun san na karye, sun san an yi mini aiki. Abin da ba su sani ba shi ne irin aikin.

Shi ma Sila bai sani ba. Kullum tes ɗinsa na shigowa a 'yar Nokiyata mai tocila, "Rechi na, yaya kafa?" Ni kuma in ce, "Da sauki." Ranar da aka sallame ni na rubuta masa, "Na warke." Kada ku tambaye ni me ya sa, ni ma na sha tambayar kaina. Na sha rubuta gaskiyar tiryan-tiryan, in na zo wurin turawa sai babban yatsana ya koma kan gogewa. Tsoro nake ji, kuma kunya nake ji, shi ke nan.

Na daɗe a gidan Gwaggo Alice, yayar Baba, a can Sakkwato ina koyon tafiya, sai cikin bazarar 2007 ta rako ni gida. Tun daga tasha ta sa aka kai mu har ƙofar gida a mota, ta kuma hana ni zuwa coci, wai sai an san yadda za a yi. Ina zaune ina tsince wake ran Laraba tes ya shigo.

"Rechi na, albishir. Mama za ta zo ran Asabar ita da Anti Magdalene su duba ki. Ta ce ta yi kewar gaisuwarki. Ki shirya gwiwa, kin san tsohuwa."

Na karanta, na sake karantawa, tiren wake ya zame daga cinyata. Gwaggo ta fizge wayar ta miƙa wa Mama ta ce a karanta mata, don ita idonta ba ya ganin ƙananan rubutu.

Da ta gama ji ta ce, "To mene ne abin zubar da wake? Zaunar da ita za mu yi. Kafin su shigo tana kan benci a inuwar ɗaki, an ja tebur gabanta, an rufa mata zani har ƙasa. Mu ce zazzaɓi take yi. Wa zai ce mai zazzaɓi ta tashi?"

Mama ta ce, "Yaya, in ba su gani yau ba ai za su gani gobe."

"Gobe ta Allah ce. A bari a sa rana tukuna, in magana ta yi nauyi ba mai iya ɗaga ta. Ke kin taɓa ganin mai sayar da akuya ya fara da nuna ƙafar da take ɗingishi?"

Akuya. A gabana ta faɗa, ko a jikinta.

Baba yana gefe yana gyaran rediyonsa. Na zuba masa ido ko zai tsawata, don mutum ne da ko ƙaryar wasa ba ya so. Ya daɗe yana murɗa abin kamo tasha kafin ya ce, "Yaran nan sun zubar da gumi a gonata. Dawar da muke ci a gidan nan tasu ce. In aka fasa, da wane ido zan dubi uwarsu?" Ya ɗauki rediyonsa ya fita. Ban taɓa ganin bayan Baba ya yi ƙanƙanta irin na ranar ba.

Kwana biyun da suka rage a ɗaki na yi su ina gwaji. In na dafa gado da hannu ɗaya, ina iya sauke gwiwar hagu ƙasa in ja ta daman gefe, ko da yake ba kyan gani. Amma ruwa da hannu biyu ake miƙa wa babba. Da na gwada da kwano a hannu, sau ɗaya na bugi ƙafar gado da haƙarƙari, sau ɗaya na zauna daɓas. Mama ta leƙo ta gan ni a ƙasa, ta saki labulen ta koma.

Ran Asabar Gwaggo da kanta ta shirya ni. Atamfa ruwan ganye mai zanen tsuntsaye, riga mai hannun bulawus da aka ɗinka mini tun kafin haɗari, yanzu ta yi mini yawa a kafaɗa sai da aka kama da fil. Ta ɗaura mini zani ƙasa sosai har yana sharar ƙasa, ta kawo wani ta rufa mini a cinya. Ta hana ni shafa hoda, wai kada in yi kama da mai lafiya. Takalmina mai tudu, wanda wani mai gyaran takalmi ya liƙa wa guntun taya, ta ce a ɓoye shi. A nan ne kawai na yi gardama, na ce ba na iya taka ƙasa ba shi. Ta ce, "Wa ya ce za ki taka?" Amma ta bar mini.

Aka zaunar da ni a bakin benci, ƙafar a miƙe ƙarƙashin teburin da Mama ke ajiye kwanukan tangaran, an lulluɓe shi da ledar tebur mai hoton 'ya'yan itace. Tsakar gida an share ta fes, an shimfiɗa sabuwar tabarma a gindin mangwaro, miyar kaza na tafasa a madafa.

Rana ta take tsaka suka yi sallama. Maman Sila ce a gaba, 'yar siririya, da kayan zumuntar matan coci da ɗankwali ɗaurin gaba, ƙafafunta duk jar ƙasa. Ƙanwarta Anti Magdalene na biye da ƙullin dawa a ka da zakara a hammata. Mama da Gwaggo suka tare su, aka zauna a tabarma, aka gaisa da yarenmu na C'lela, aka sake gaisawa da Hausa. Ni kuwa ina can saman benci kamar wata hakima.

Na sunkuyar da kai na ce, "Sannunku da zuwa, Mama. Kun zo lafiya?"

Maman Sila ta juyo ta dube ni. Ba ta dubi fuskata ba, bencin ta duba, sannan ta dubi tabarmar da take kai. Anti Magdalene ta taɓe baki ta kau da kai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

"Lafiya lau," in ji Maman Sila, a taƙaice.

Gwaggo ta yi caraf. "Ai zazzaɓi ne ya kayar da ita tun shekaranjiya, ko tsayuwa ba ta iyawa. Da ƙyar muka fito da ita."

"Allah ya sawwaƙe. Zaman birni ya karɓe ta, na gani."

Kun ji maganar manya. Ba ta zage ni ba, amma na gwammace mari.

Gwaggo ta tashi da rawar jiki ta ɗebo ruwan randa a kwanon sha mai murfi, ta durƙusa da tsufanta ta ajiye. Maman Sila ko kallon kwanon ba ta yi ba. Zafi ake yi na fitar hankali, leɓɓanta sun bushe har sun yi fari, amma ta ci gaba da tambayar Mama labarin gona. Aka jima, Gwaggo ta tura kwanon gabanta.

"A sha ruwa mana, an sha hanya."

Ta ce, "Daga Dirin Daji na taso don ɗiyata. In zan sha, daga hannunta zan sha. Zazzaɓin da ya bar ta ta ɗaura ɗankwali haka ba zai hana ta taku biyar ba."

Gwaggo ta buɗe baki, Mama ta riƙe mata hannu. Na dubi Mama, ta gyaɗa mini kai sau ɗaya, idonta cike da hawaye.

Na ture teburin. Na dafa bango na miƙe, zanin rufa ya faɗi. Tafiyata ba ta ɓoyuwa, sai na ɗaga ƙugu in wurgo ƙafar ta gefe, takalmin ya sauka ƙwas. Haka na ratsa tsakar gidanmu, ƙwas, ƙwas. Na sunkuya daga ƙugu na ɗauki kwanon da hannu biyu, na tsaya a gabanta.

Da ina da hankali da a nan na buɗe baki na faɗi gaskiya. Amma ina, sai zuciya ta ce gwada, wataƙila yau a dace. Na fara sauke gwiwar hagu. Takalmin tayan ya zame a kan tabarma, na tafi gaba ɗaya na zauna daɓas, ruwan ya kife a jikina, murfin kwanon ya gangara har gindin turmi. Ƙafar kuwa ta miƙe sambal, tafin takalmin ya je ya tokari gwiwar surukata. Ku da kuka tashi a gidan mutunci kun san mene ne miƙe wa babba ƙafa. Na kama cinyar da hannu biyu ina ja, ta ƙi dawowa, don ba ta da inda za ta lanƙwashe.

Anti Magdalene ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. "Mama, ki gafarce ni. Ba zazzaɓi nake yi ba. Ba raini ba ne. Gwiwar ce suka haɗe, ƙashin ya ruɓe, suka ce ko haka ko a yanke. Ba zan ƙara durƙusawa ba."

Maman Sila ba ta janye jikinta ba. Ta sa hannu ta ɗage zanina zuwa cinya, a gaban kowa. Ga tabon aiki dogo, ga ramukan da ƙarafa suka bari, ga wurin da gwiwa take a da ya zama sumul. Ta bi shi da yatsa a hankali, ta danna.

"Da zafi?"

"A'a, Mama."

"Sila ya sani?"

Na girgiza kai. Wannan tambayar ta fi faɗuwar ciwo.

Ta sauke mini zanin ta gyara shi, sannan ta juya wurin Gwaggo. Ba ta ɗaga murya ba. "Alice, uban Sila da hannu ɗaya ya dawo daga yaƙi, ni na riƙa ɗaura masa wando har ya mutu. Ni za a ɓoye wa ƙafa? Kun ɗora yarinya a benci, kun bar ni zaune a nan ina zagin tarbiyyarta a cikina. Kun gwammace in tafi da ita a matsayin marar kunya da in san ta sha wahala."

Gwaggo ta ce, "Ai gudun abin da zai..."

"Na ji."

Gwaggo Alice da ba a taɓa rufe wa baki ba ta sunkuyar da kai tana murza bakin zani.

Maman Sila ta dawo kaina. "Ba zan yi miki ƙarya ba, tun da ta yau ta isa. Matar soja ita ce namijin gida. Akwai gona, akwai rafi, kuma gidanmu a kan tudu yake. Ban san ko za ki iya ba, ban kuma san abin da ɗana zai ce ba. Tashi ki sake ɗebo ruwa."

Mama ta zo za ta ɗaga ni, tsohuwar ta ce a bar ni. Na juya na dafa ƙasa, na tura ƙafar baya, na miƙe da kaina kamar yadda aka koya mini a asibiti. Na je randa jiƙe sharkaf, na ɗauraye kwanon, na cika, na dawo. Na tsaya ƙiƙam a kanta, ita tana ƙasa ni ina sama, abin da tun da aka haife ni ban taɓa yi wa babba ba.

Ta miƙo hannu biyu ta karɓa. Ta sha, ta sha, maƙogwaronta na motsi, sai da ta ga gindin kwanon. Ta goge baki da bayan hannu.

"Ina wayarki?"

Na ciro ta daga cikin riga.

"Ba zan ɗauki ƙaryar gidan nan a kaina in kai Dirin Daji ba, kuma ba bakina zai ji wannan ba. Kira shi."

"Mama, yanzu?"

"Ina zaune."

Na yi masa filashin, don katina ba zai kai ko'ina ba. Ko ajiye hannu ban yi ba ya kira, da alama dama jira yake. Muryarsa cike da dariya, ana jin hayaniyar bariki a bayansa.

"Rechi na, yaya? Sun iso? Kin zube wa tsohuwa?"

Na rufe ido. "A'a, Sila. Ban durƙusa ba. Ba na iyawa." Na gaya masa duka, ruɓewar, da zaɓin da likita ya ba mu, da takalmin taya. Ban tsallake komai ba, har bencin.

Na cire wayar daga kunne na duba ko layin ya yanke.

"Rachel," in ji shi. Rabon da ya kira ni da cikakken sunana tun ranar da muka fara magana. "Tun yaushe?"

"Tun kafin in rubuto maka na warke."

Na ji ya ja numfashi ya sauke. Na jira ya yi faɗa, na jira ya ce wani abu, ko mene ne. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba Mama wayar."

Na miƙa mata, a tsaye. Ta riƙe ta nesa da kunne kaɗan irin riƙon tsofaffi, kwanon na nan a kan cinyarta.

Ta ce, "Ina jin ka, Sila. Amma kafin ka ce komai, ka sani na riga na sha ruwanta."